Ƙwaryar Hansai Mai Ɗinki

Duk wanda ya saba cin kasuwar Wudil ranar Juma'a, in dai yana da harshe a bakinsa, ya san kindirmon Hansai. Wurin zamanta gindin wata darbejiya ne a kan hanyar shiga Kara, inda dillalan shanu kan zo su jiƙa maƙoshi bayan sun gama rantse-rantsen da suka saba. Gajeriyar mace ce mai kaifin ido, dariyarta tsada gare ta, kuma ba a taɓa jin ta kira mai saye ba. Ba ta bukata. In ta tsoma ludayi ta ɗago, nonon kan tsaya a kansa curi guda, ba ya zuba sai ta karkata hannu. Mutane suna cewa hannunta ne mai albarka, ita kuwa sai ta bar su da zatonsu, don ta san sirrin yana gida a kife a kan rumfa.

Ƙwarya ce, babba, wadda tsufa ya mai da bayanta ja kamar goro. A wani ƙauye na yankin Achika aka haifi Hansai, kuma tun kafin ta san hagu da dama take ganin uwarta Saudatu tana kwantar da nono a cikin wannan ƙwarya. Da Saudatu ta rasu, 'yan'uwa suka yi ta kai-kawo a kan tumaki da gona. Hansai ta ɗauki ƙwaryar ta rufe da faifai ta dawo gidan mijinta a Wudil, ba ta nemi ko allura ba.

Shekarar da ta yi haihuwar fari ƙwaryar ta suɓuce ta tsage daga baki har kusan gindi. Ta yi kukan da ba ta yi a wurin naƙuda ba. Aka kira Ɗan'auta gyartai, ya zauna da basillarsa wuni guda ya ɗinke tsagar da zare, ɗinki mai kyau wanda ko ɗigo bai taɓa yoyo ba. Gyartan ya daɗe da komawa ga Allah, ɗinkinsa yana nan, ya yi baƙi, ya kumbura da maiƙon shekara ashirin da biyar.

Aikinta ba ya canjawa. Da hantsi take karɓar madara daga matan rugar da ke wajen gari, ta tace, ta ɗora a wuta har ta tafasa. Sai ta sauke ta bar ta ta huce, ta juye a ƙwarya, ta zuba ludayi guda na nonon jiya, wanda ake kira iri, ta rufe da faifai ta lulluɓe da tsumma. Kafin gari ya waye nono ya kwanta. Wankin ƙwaryar kuwa doka gare shi: ruwa da soso kawai, sannan a kife ta a rana. Sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. Saudatu ta ce sabulu yana kashe ƙwarya, kuma Hansai ba ta ga wanda ya isa ya gyara maganar uwarta ba.

'Yar farin nan da aka haifa shekarar tsagewar ƙwarya ita ce Juwairiyya. Hansai mutuniyar da ce, mai riƙon kunyar ɗan fari, don haka ba ta taɓa kiran sunan 'yar ba. “Ke” take cewa, ko “yarinyar nan”. Ba ta goya ta a gaban mutane ba, ba ta yabe ta ba, ranar da aka kai ta ɗakin mijinta Labaran a Kausani ma wanke-wanke ta tsira don kada a ga idonta. Amma tana son yarinyar nan son da ba ta yi wa sauran 'ya'yanta huɗu, kuma tun da baki ba shi da izinin faɗa, sai ludayi ya riƙa faɗa. Kullum saman nono, inda ya fi kauri da maiƙo, na Juwairiyya ne. Da ta yi aure ma bai yanke ba, ana kai mata a ɗan kwano mai murfi, balle in tana da ciki.

Ciki biyu ta yi. Na farko yana wata shida ta yi zazzaɓin kwana uku da ciwon baya, aka ce sauro ne, aka sayo magani, cikin ya zube. Na biyu ya kai wata takwas, aka sake zazzaɓi, aka haifi namiji wanda ya yi kwana biyu a duniya ya koma. An sha rubutu, an yi sadaka, wasu sun ce iska ce, wasu sun ce mahaifa. Da na uku ya shiga wata na huɗu, Labaran ya zo ya durƙusa a bakin zaure kansa a sunkuye, ya roƙi a bar Juwairiyya ta zauna gaban uwarta har Allah ya sauke ta. Hansai ta amsa daga bayan ƙyaure, a taƙaice, kamar yadda suruka ke yi. A ranta kuwa ta ɗauki alkawari cewa wannan jikan sai ta riƙe shi a hannunta yana numfashi.

A wannan tsakanin Rifkatu ta shigo labarin. Malama ce a jami'a, 'yar kudancin Gombe, doguwa mai tabarau, kuma ta yi shekara biyu tana sayen kindirmo a gindin darbejiyar nan. Wata Juma'a ta zo da 'yan kwalabe a cikin akwatin ƙanƙara, ta ce bincike take yi a kan nonon da ake sayarwa a kasuwanni, tana ɗiba daga wurin kowace mai nono. Hansai ta cika mata kwalba tana taɓe baki. Bayan wata guda ta dawo ta sake ɗiba, bayan wani watan ta sake. A zuwa na huɗu ba ta zo da kwalba ba. Ta gaisa, ta tambayi gida da kasuwa da gajiya, sannan ta tsuguna kusa ta rage murya.

“Mama, ina so in zo gida in ga inda kike aiki.”

“Lafiya?”

“Akwai abin da nake samu a nononki. Sau uku ke nan, kuma iri ɗaya ne sak. Da daga ƙuda ne ko ƙurar kasuwa, da yau a gani gobe a rasa. Wannan yana da wurin kwana.”

Ta zo ranar Litinin da tsinkaye masu auduga a kai. Ta shafi tukunya, ta shafi maburgi da ludayi da faifai, ta ɗebi ruwan randa. Da ta zo kan ƙwarya sai ta daɗe tana duban ɗinkin, ta tura tsinken tsakanin zare da zare, audugar ta fito da wani yauƙi ruwan toka. Tana cikin haka Juwairiyya ta fito daga ɗaki da cikinta a gaba da kwanon nono a hannu. Hansai ta ga yadda fuskar baƙuwar ta sauya.

Bayan mako guda Rifkatu ta dawo da amsa. Tukunya lafiya, ruwa lafiya. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa: abin yana cikin ɗinkin Ɗan'auta. Ta faɗi sunan ƙwayar cutar da Turanci, Listeriya, sunan da Hansai ba ta yi wahalar riƙewa ba.

“Malama, ni fa tafasa madarata nake yi,” in ji Hansai. “Tambayi kowa.”

“Na sani, Mama. Wuta tana kashe na cikin tukunya. Amma sai madara ta huce kike juye ta a nan, su kuma suna ciki suna jira. Kin ga gansakukar da ke kama jikin randa? Haka suke yin gida a cikin tsaga, su lulluɓe kansu da yauƙi. Ruwa ya bi ta kansu ya wuce, soso bai kai can ba. Suna iya shekaru a wuri ɗaya.”

“To ina gawarwakin? Rabin Kara nonona suke sha.”

“Ƙato mai lafiya zai sha bai ji komai ba, ko ya yi gudawar kwana ɗaya ya manta. Tsofaffi take kayarwa, da jarirai.” Rifkatu ta dubi ƙofar ɗakin Juwairiyya. “Da masu ciki. Uwa ta yi ɗan zazzaɓi kamar na sauro, abin ya wuce wurin ɗan.”

Hansai ta so ta kori matar nan, ta so ta ce mata Saudatu ta haifi tara a gindin ƙwaryar nan. Sai ta tuna a zamanin Saudatu ƙwaryar ba ta da ɗinki. Ta tambaya, muryarta can ƙasa, ko abin da ya ci biyun farko ke nan. Rifkatu ta ce wannan babu mai iya sani yanzu, kuma ba za ta faɗi abin da ba ta auna ba.

A gaban Rifkatu Hansai ta ɗauki taɓarya ta fasa ƙwaryar uwarta. Aka zuba ɓallin a murhu, aka haɗa da maburgi da tsohon faifai, aka zubar da irin nonon da ya taso tun daga Achika bai taɓa yankewa ba. Rifkatu ta kawo mata babban kwanon silba marar gaɓa ko ɗaya, da sabon iri mai tsabta, ta nuna mata wanki da sabulu da tafasasshen ruwa. An yi komai daidai, sai abu guda. Lokacin da ake share tsakar gida Hansai ta taka wata sakaina, ɓallen ƙwaryar da bai fi tafin hannu ba, daga wajen baki inda Saudatu ta ƙona alamarta da wuƙa. Ta bar ƙafarta a kai har baƙuwa ta tafi. Don tunawa kawai, in ji ta a ranta. A gefen sakainar akwai ɗinki biyu da suka rage.

Nonon silba ya ƙi. Damina ce, gari da sanyi-sanyi, ƙarfe kuma ba ya riƙe ɗumi kamar ƙwarya, sai a wayi gari nono ya yi tsararo, ruwa a sama gari-gari a ƙasa. A kasuwa wani dillali ya kurɓa ya ce, “Hansai, yau kuma wa ya yi miki aikin?” Wannan ta iya haɗiyewa. Abin da ya gagare ta shi ne na cikin gida. Cikin Juwairiyya mai tsirfa ne, ba ya karɓar tuwo, ba ya karɓar shinkafa, nonon uwarta kaɗai yake riƙewa, kuma ba a gaya mata dalilin fasa ƙwarya ba don kada hankalinta ya tashi. Ta kurɓi na silba ta amayar. Kwana goma tana ramewa, wuyanta ya fito, idanunta suka faɗa. Wata safiya ta ture kwanon ta ce, “Inna, ni dai irin na da nake so,” ta juya fuska bango.

Hansai ta ɗauko sakainar daga cikin adudu. Ta zuba mata ruwan zafi daga buta, ta goge, ta shanya ta a kan kwanon rufi kwana uku. Wane mai rai ne zai yi kwana uku a kan kwanon rufi a zafin ranar Wudil ya tashi? Haka ta yi ta gaya wa kanta. Tukunya tana kan wuta tana tafasa, da ta jefa sakainar ciki da magana ta ƙare, amma ba ta jefa ba, don ta san tafasa zai kashe abin da take nema a jikinta. Wannan ita ce gaskiyar da ta ƙi duba. Da la'asar ta kwantar da sakainar a gindin kwanon silba, ta juye madara a kai, ta ninka tsumman lulluɓi.

Ko sakainar ce, ko tsumman da ta ninka, Allah ne masani. Nono dai ya kwanta, mai kauri, da ƙamshin nan na gidan Saudatu. Juwairiyya ta shanye kwano ta nemi ƙari. Hansai ta shiga madafa ta share hawaye da gefen zane. Kullum da safe takan ciro sakainar ta ɗauraye ta ɓoye, da yamma ta mayar, har kwana goma sha biyu. Kumatun yarinyar suka dawo, maƙwabta suna cewa zaman gida ya karɓe ta.

Ranar sha uku Rifkatu ta zo da sakamakon nonon da ta ɗiba a kasuwa, fuskarta a dame. Abin ya dawo, kuma shi ne dai na da. Ta bi gidan tana shafa, daɓe, magudanar ruwa, murfin silba, har ƙasan faratan Hansai. Ta ce wataƙila ita ce ta yi kuskure a wurin aiki, ta ba da haƙuri. Hansai tana tsaye tana kallon mace mai gaskiya tana zargin kanta, adudun da sakainar ke ciki yana bayan ƙofa taku uku. Kafin ta tafi Rifkatu ta ce kada mai cikin ta ƙara shan nonon da ba a tafasa ba, ta yi rubutu a takarda ta miƙa.

“In ta yi zazzaɓi, ko kaɗan ne, a ranar za a kai ta asibiti a nuna wannan. Kada a ce sauro ne a tsaya. Abin yana iya kwanciya a jiki har wata biyu kafin ya nuna kansa.”

Tana fita Hansai ta jefa sakainar a murhu ta tsaya har ta zama toka. Ta daina kwantar da nono, ta ce wa masu tambaya bayanta ke ciwo. Daga ranar ta shiga ƙirgar kwanaki. Tsoro ya zauna mata a ƙirji, ba ya tashi ko a salla. In Juwairiyya ta yi miƙa sai ta duba, in ta yi hamma sai ta duba, ta koyi wucewa kusa da ita da wani dalili don hannunta ya gogi fatarta ta ji ko da zafi. Mako ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, uku. Har ta fara cewa wataƙila rana ta yi aikinta.

Ranar ashirin da uku, wata Talata da hantsi, Juwairiyya ta fito ta zauna a rana tana rawar ɗari, ta ce bayanta kamar ana sara. Labaran ya zo duba ta ke nan a kan babur. Ya tsuguna daga nesa ya gaida surukarsa, ya dubi matarsa ya ce ai damina ce, sauro ya yi yawa, bari ya je kemis ya dawo yanzu. Ya miƙe yana laluben makulli.

Hansai ta san in ta yi shiru babu wanda zai taɓa sani. Ta san kuma hanyar da aka bi sau biyu ke nan. Shekara shida ba ta taɓa haɗa ido da Labaran ba, ba ta taɓa yi masa magana da ta wuce amsa gaisuwa ba. Ta fito tsakar gida ko mayafi babu.

“Labaran, ajiye makullin nan. Ba sauro ba ne.” Ta juya. “Juwairiyya, tashi.”

Yarinyar ta ɗago a firgice, don tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba. A tsaye Hansai ta faɗi komai, ɗinki da sakaina da kwana goma sha biyu, ba ta rage ba, ba ta nemi uzuri ba. Ta sake faɗa a asibiti a gaban likita da takardar Rifkatu a hannunta. Da yamma Rifkatu ta zo, Hansai ta faɗa mata a karo na uku, kuma wannan ya fi ciwo.

An kwantar da Juwairiyya mako biyu ana yi mata allura ta jijiya. Zazzaɓin ya sauka. Cikin bai kai lokacinsa ba, yana wata takwas aka haifi mace, 'yar mitsitsiya, ta yi kwanaki a kwalba ana kallonta ta gilashi. Ta rayu. Ranar suna aka ce Khaulat, kuma Hansai ta riƙe ta a hannu tana numfashi, kamar yadda ta ɗauki alkawari.

Yau Hansai tana nan a gindin darbejiyarta. Ta koyi halin silba, ta san yadda ake naɗe shi da bargo, kindirmonta ya dawo da kauri ko da yake tsofaffin dillalai suna cewa ba kamar da ba. Babu mai nono a Wudil da ta kai ta wanki. In ta ga ƙwarya mai ɗinki a gaban wata sai ta tsaya ta yi magana, wasu su ji, wasu su ce tsohuwa ta fara ruɗewa.

Juwairiyya ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya ba. Ba ta taɓa tambayarta zancen biyun farko ba, Hansai kuwa da za a tambaye ta da ta fi samun sauƙi. Duk wata takan zo daga Kausani da Khaulat a goye, a gaisa, a yi hira, a yi dariya. Hansai takan ɗebi saman nono, inda ya fi kauri, daga kwanon da ta wanke sau uku da tafasasshen ruwa, ta kawo. Juwairiyya takan karɓa da hannu biyu, ta ce, “An gode, Inna,” ta ajiye a gefen tabarma. Bayan sun tafi Hansai takan je ta ɗauke kwanon a cike.